Ɗorin da Basir Yakubu Ya Yi wa 'Yarsa

A Hillat Magaji, wani ƙauyen Hausawa da ke kudu da Rusairis a bakin tafkin madatsar ruwa, in aka ga baƙo ya sauka yana ɗingishi ko an ɗauko shi a kan gado, ba a tambayarsa wurin wa ya zo. Gidan Yakubu ake nuna masa. Larabawan yankin basir suke ce wa maɗori, sunan kuwa ya bi shi har Hausawa ma suka daina cewa Malam Yakubu, sai Basir Yakubu.

Kakansa ne ya taso daga ƙasar Sakkwato da ƙafa zai je Makka, guzuri ya ƙare masa a bakin kogin nan, ya kafa bukka ya ce sai baɗi, ya zauna ke nan har ya mutu. Ɗori shi ne sana'ar da ya zo da ita, ya bar wa ɗansa, ɗan ya bar wa Yakubu. Yakubu kuwa ya fi su duka hannu, wannan ko wanda ba ya son sa bai musa ba. Yakan lumshe ido ya bi ƙashi da babban yatsa, ya gaya maka inda ya tsage da inda ya goce tun kana cikin salati. Ya ja, ya daidaita, ya shafa man shanu, ya jera kara ya ɗaure. Kwana arba'in sai ka ga mutum yana takawa.

Sunansa ya fita ne sama da shekara ashirin baya. Raƙumi ya kayar da ɗan wani mai shanu daga wajen Dindir, cinya ta karye. A birni aka ce sai an tsaga an sa ƙarfe, uban ya ƙi, ya kawo shi Hillat Magaji. Wata uku saurayin ya koma kiwo. Daga nan mutane suka riƙa zuwa daga Dindir, daga Damazin, har daga bakin iyakar Habasha.

Bai damu da abin duniya ba. Abin da aka miƙa masa shi yake karɓa, wani kaza, wani kwandon albasa, wani godiya kawai. Jallabiyarsa ba ta fi ta kowa ba, kwano ɗaya yake ci da 'yan ƙwadagon da ke zuwa yankan riɗi. Shi ya sa in aka ce wa baƙo Basir Yakubu yana da girman kai, ba ya yarda. Sai wanda ya daɗe tare da shi ya san inda abin yake. Tun da ya yi suna ba wanda ya ƙara jin ya ce bai sani ba, ko ya ce wani aiki ya fi ƙarfinsa. In ɗori ya yi kyau, hannunsa ne. In ya karkace, mai karayar ne ya motsa, ko matarsa ta ba shi abin da aka hana shi. Wani mai lambu, Lukman, hannunsa na dama ya warke a lanƙwashe har ba ya iya kai loma baki da shi. Da ya je ya nuna, a gaban jama'a Yakubu ya ce masa, "Wanda aka ce ya kwanta ya tafi ban ruwa, shi ya san abin da ya yi wa kansa." Lukman bai je ban ruwa ba, amma ba wanda ya tsaya jin ta bakinsa. Filastar da likitoci ke sa wa masu karaya kuwa, in an zo masa da ita, yakan yanke ta ya rataye a rumfar ƙofar gidansa. Sun fi talatin a jere, in ana shan jabana, wato gahawa, yakan nuna su ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi ta wane ce da irin shirmen da aka yi masa kafin ya zo.

'Yarsa ta auta, Sabah, ita ce abin da ya fi so a duniya. Ƙaninsa Alamin, mai tuƙa kwale-kwale mai inji, shi ya matsa a kai ta Wad Madani karatun aikin jinya. Yakubu ya yarda yana dariya, ya ce ta je ta gano abin da suke yi ta zo ta ba shi labari. Tana shekara ta uku yaƙi ya iso Madani. Ta baro garin da jaka ɗaya, kwana biyar a hanya, ta iso gida da ƙafafu a kumbure. Ta zauna tana taimaka wa uwarta Lami, matan ƙauye suna zuwa ta duba musu yara. Ba ta taɓa sa baki a aikin ubanta ba. In tana wucewa ta ga yana ɗori, sai ta sunkuyar da kai ta shige.

Cikin daminar da ta biyo, wata ranar Laraba da hantsi, ta hau karo, keken jaki, ta je ɗebo ruwa a tafki. Da za a hauro gangare, taya ɗaya ta nutse a laka, karo ya kife, gangar ruwa cike ta faɗo mata a ƙwauri. Maza huɗu suka ɗauko ta. Da aka kwantar da ita a tsakar gida aka ɗage zane, Lami ta kau da kai. Ƙashi ya huda fata ya fito, baƙar lakar bakin ruwa ta cika ramin.

Mutane suka cika gidan. Yakubu ya wanke hannu, ya sa aka kawo kara da man shanu.

Sabah ta riƙe bakin rigarsa. Muryarta ƙasa-ƙasa take, don kada jama'a su ji. "Baba, wannan ba na gida ba ne. Ƙashi ya fito, ƙasa ta shiga. Sai an wanke cikinsa, an ba ni allura, kuma ba a rufe shi. Ka sa Baffa ya kai ni Damazin yau."

Ya dube ta, ya dubi mutanen da ke tsaitsaye. Wasu sun ji.

"Na ɗora wanda ya fi wannan tun ba a haife ki ba," in ji shi.

"Na sani, Baba. Amma wannan in aka ɗaure zai ruɓe."

Alamin ya matso. "Yaya, tana da gaskiya. Akwai sauran mai a injina, kafin la'asar mun isa Rusairis."

Daga baya Yakubu ya sha gaya wa kansa cewa da su biyu ne kawai a ɗaki, da ya yarda. Amma a lokacin abin da ya faɗo masa shi ne maganar da za a yi a kasuwar Asabar: Basir Yakubu na karɓar 'ya'yan mutane daga hannun likita, da tasa ta karye sai ya ruga da ita asibiti.

Ya ce, "Alamin, ka taɓa ganin na shiga jirginka na gaya maka yadda za ka tuƙa? Ku riƙe min ita."

Ya wanke ramin da ruwan ɗumi da gishiri, ya ja ƙafar, ƙashi ya koma. Sabah ta suma. Ya shafa, ya jera kara, ya naɗe da farin ƙyalle. Ɗori ne mai kyau, miƙaƙƙe, duk wanda ya gani ya ce masha Allah.

Kwana biyu aka samu lafiya. Rana ta uku zazzaɓi ya sauko. Yakubu ya ce zafin ƙashi ne, yana haɗuwa. Rana ta huɗu ƙafar ta kumbura har kara na shiga cikin nama. Sabah ta roƙi a sassauta ɗaurin, ya ce ba a taɓa ɗori kafin kwana bakwai. Ran nan Alamin ya dawo, ya tsaya a tsakar gida ya ce gobe zai kai buhunan gawayi Rusairis, man da ya rage masa na tafiya ɗaya ne, in ba a ba shi yarinyar yanzu ba bai san ranar da zai ƙara samun mai ba.

"Yaya, ka ji tsoron Allah. Ba don ita kake yi ba, don kanka kake yi."

Yakubu ya tashi daga kan buzu. Ya ce tun da abin ya kai ga zagi, kada Alamin ya ƙara tako masa gida, shi ma ba zai taka nasa ba har ya mutu. Alamin ya leƙa ɗakin Sabah, ya fito yana share ido da hannun riga, ya tafi. Washegari ya kai gawayinsa ya dawo da tanki a bushe. A makon aka yi ruwa kwana uku a jere, hanyar mota ta zama taɓo, ko tarakta ba ta wucewa.

Rana ta shida da safe, Lami na ɗakin girki, Yakubu ya shiga shi kaɗai ya kwance ɗorin. Warin ne ya fara bugun sa. Naman gefen ramin ya yi baƙi-baƙi, wani ruwa mai kumfa na tsiyayowa. Ya ga irin wannan sau biyu a rayuwarsa, a ƙafafun wasu, duka biyun kuma ya ce wa danginsu sun makara wajen kawo su. Ya san abin da yake kallo. Sabah na kwance ido a rufe tana rawar ɗari. Ya daɗe a tsugune. Sannan ya wanke, ya barbaɗa garin magani, ya mayar da kara ya ɗaure.

Lami ta tare shi a ƙofa. "Malam, yaya ka gan shi?"

"Yana kyau," in ji shi. "Mugun ruwan ne ke fita."

Ya fita rumfa ya zauna. Aka kawo jabana, maƙwabta suka zo gaisuwa, suka tambayi mai jiki, ya ce da sauƙi. Ya ajiye kofinsa bai sha ba. Yinin nan duka yana ta lissafi a zuci: wataƙila garin maganin ya ci ƙarfin abin, wataƙila gobe kumburin ya sace. Ya yi alwala ya fi sau goma, kowace salla sai ya tsawaita sujada. Bai roƙi Allah ya nuna masa abin da zai yi ba, roƙonsa kawai ya tashi ya tarar ba haka abin yake ba.

Rana ta takwas Sabah ta daina gane uwarta. Tana ta magana da Larabci da wasu ƙawayenta na Madani, tana cewa a kawo almakashi, a kira likita. Can ta farfaɗo, ta ga ubanta a gindin gado yana riƙe da ƙaya. Yatsun ƙafar sun yi baƙi. Ya soka ƙayar a babban yatsa.

"Kin ji?"

"Ban ji ba, Baba."

Ya soka a tafin ƙafa, ya soka a idon sawu. Ba ta ji ba. Ta dube shi, ba fushi a fuskarta, sai gajiya. Ta ce, "Ka gani tun shekaranjiya. Ina jin ka lokacin da ka kwance."

Ya fita ko takalmi bai sa ba. Alamin na bakin ruwa yana kwashe ruwan sama daga cikin kwale-kwale. Yakubu ya shiga laka har gwiwa ya kama gefen jirgin. Alamin ya dube shi sau ɗaya ya gane.

"Babu mai, Yaya. Ko cokali ɗaya."

Yakubu ya shiga ƙauye gida-gida. Mai injin niƙa ya ce nasa ba fetur yake sha ba. Mai babur ya buɗe masa tanki ya gani da idonsa. Mai kanti ya rantse wata biyu ke nan bai ga fetur ba, tun da aka datse hanyar Sinja. Mutumin da bai taɓa sallama a ƙofar kowa da wata buƙata ba, ga shi jallabiya duk laka, yana tsayawa a kowace ƙofa yana cewa ko kwalba ɗaya ce a taimake shi. Mata na leƙowa ta saman darni. Har rana ta take tsaka bai tara abin da ya kai kwalba biyu ba. Mai kantin ne ya ce masa mutum ɗaya ya sani da ya ɓoye jarkar fetur saboda injin ban ruwansa na rani: Lukman.

Ya same shi a lambu yana cire ciyawa da hannun hagu. Shekara bakwai ba su gaisa ba. Yakubu ya tsaya a bakin kunya, ya faɗi abin da ya kawo shi, kansa a ƙasa. Lukman ya yar da ciyawar. Ya shiga bukka ya tone ƙasa, ya fito da jarka yana jan ta da hannu ɗaya, ya dire ta a gabansa.

"Ba don kai ba," in ji Lukman. "Sabah ce ta zauna da ɗiyata kwana biyu lokacin da take gudawa. Ɗauka ka tafi."

Aka ɗora Sabah da gadonta a tsakiyar kwale-kwale, aka rufa mata leda. Lami ta riƙe kanta, Yakubu ya zauna wajen ƙafa. Tafkin ya cika ya yi ja, itatuwan da ruwa ya tumɓuko daga tsaunuka suna ta wucewa, Alamin na kauce musu. Suna tsakiyar tafiya hadari ya haɗo, ruwa ya tsuge. Yakubu ya tuɓe jallabiyarsa ya ƙara a kan ledar, ya ɗauki gwangwani yana kwashe ruwa. Duk bayan ɗan lokaci sai ya kai hannu wuyanta ya ji ko jijiya na bugawa. Ana hango Rusairis injin ya yi tari ya mutu. Su biyu suka kama filafili. Shekararsa sittin da huɗu, bai taɓa tuƙa jirgi ba, tafin hannunsa ya saɓule, bai sani ba sai da suka kai gaɓa ya ga jini a jikin itacen.

Daga Rusairis wani mai keke mai ƙafa uku ya ƙetare da su Damazin. Asibitin da suka je ya cika da mutanen da suka gudo daga Sinja da Dindir, wasu a baranda, wasu a ƙarƙashin bishiya. Yakubu ya riƙa tare duk mai farar riga yana kama hannunsa. Ba wanda ya san shi. Wani ma'aikaci ya ce masa ya koma baya ya bi layi kamar kowa. Warin ƙafar ne ya sa aka shigar da su.

Likitar, Dakta Samira, ba ta girmi Sabah da yawa ba. Ta yanke ƙyallen, ta zare karan ɗaya bayan ɗaya ta zuba a bokiti. Ta tambaya kwana nawa, aka ce takwas.

"Wa ya ɗaure wannan?"

Alamin ya yi saurin cewa, "Wani basir ne a ƙauyenmu."

"Ni ne," in ji Yakubu. "Ni ne ubanta. Ta ce a kawo ta tun ranar farko, ni na hana."

Likitar ta dube shi. Ta ce ruɓar ta haura gwiwa. In ba a yanke ƙafar yau ba, daga cinya, gobe ba za a sami yarinyar ba, yanzu ma ba ta yi alkawari ba.

Yakubu ya durƙusa a kan siminti. Ya ce ta yi wa Allah ta duba, ko a kankare naman a bar ƙashin, ƙashin ya zauna daidai, shi ya sani. Ya ce a bar mata ko gwiwa ce. Ya kama gefen rigarta yana maimaitawa har Alamin ya ɗaga shi.

Likitar ta ce, "Ƙashin ya zauna daidai, Baba. Amma ƙafar ta mutu."

Aka kawo takarda ya dangwala yatsa. Aka ba shi wata kuma mai sunayen allurai da ruwan ƙari, aka ce babu su a asibitin, ya nemo a gari. Ya bi kantunan magani da singileti da wando, takardar a dunƙule a hannu don kada ta jiƙe. Na farko a rufe. Na biyu ya ce sai dai ruwan. Na uku ya kwatanta masa wani a bayan tasha, na bayan tasha ya tura shi kasuwa. Kanti na bakwai ya sami allurar, guda huɗu suka rage. Da ya dawo ya tarar an ɗebi jinin Alamin, an shiga da Sabah ɗakin tiyata. Lami na zaune a ƙasa ta jingina da bango. Ya zauna nesa da ita kaɗan. Ba ta dube shi ba.

Sabah ta rayu. Kwana goma sha ɗaya tana tsakanin rai da mutuwa, sannan zazzaɓin ya sauka. Da aka sallame ta ta ce ba za ta koma ƙauye ba. Ta zauna a Rusairis gidan ƙanwar uwarta, Lami ta zauna da ita wata biyu. Daga baya ta sami wani wurin da ake duba 'yan gudun hijira, aka ba ta kujera da teburi, tana wanke musu miki tana sa bandeji.

Yakubu ya koma Hillat Magaji shi kaɗai. Ranar Juma'ar farko, bayan an idar da salla, ya miƙe a masallaci ya faɗi abin da ya yi, har da kwancewar rana ta shida da ƙaryar da ya yi wa matarsa. Ya je lambun Lukman ya ce ɗorin hannunsa shi ya ɓata. Lukman ya ce ya sani, ya ci gaba da aikinsa. Ya nemi gafarar Alamin, ya nemi ta Lami. Duk wannan ya iya. Amma duk lokacin da ya je Rusairis, yana shiga ɗakin Sabah ya ga inda zane ya kwanta a kan gado ba komai a ƙarƙashinsa, sai ya kama zancen farashin dawa da ruwan bana. Ita kuma ta gaishe shi da ladabi, ta tambayi mutanen gida, shi ke nan.

Sai a zuwa na biyar, bayan kaka. Ya tarar da ita a tsakar gida tana koyon tafiya da sanduna biyu. Ta yi taku shida, sanda ta zame, ya zabura zai tare ta, ta dafa bango da kanta.

Ya ce, "Sabah, na cuce ki. Ki yafe mini."

Ta jingina da bangon tana mayar da numfashi.

"Na ji, Baba," in ji ta. "Ina roƙon Allah ya ba ni ikon yi. Yanzu dai ban kai ba, kuma ba zan yi maka ƙarya ba."

Ya gyaɗa kai. Ta ce ya ja mata kujera. Ya ja mata, ta zauna, shi kuma ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa har lokacin da jirgin Alamin zai tashi ya yi.